Ɗigon Mai a Bakin Allura: Yadda Na Tayar da Tsohon Kan Jirgin Wasa a Agege

Kan jirgin ƙasa na wasa da zan ba da labarinsa tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya da 'yan kai ba. Baƙi ne, an buga masa lamba 46201 a gefen ɗakin direba, sunansa kuma na jikin tukunya: Princess Elizabeth. In ka kifa shi za ka ga sunan kamfanin da ya ƙera shi a Ingila, Tri-ang. Ba irin jirgin da ake sa wa batir yara su farfasa kafin bikin Sallah ya watse ba ne. Wannan daga dogon da yake takawa yake shan wuta, mai ƙarfin bolt 12, kuma an kwaikwayi siffar wani kan jirgi ne na gaske mai cin kwal, wanda aka ƙera a garin Crewe a 1933, har yau kuma yana nan a adane.

Ni gyaran fanka da dutsen guga da ƙananan janareto ne abincina, a Agege, ba nisa da titin jirgi. Wani ƙanena da ke harkar gwangwan ne ya sauke min kwalin daga kurarsa. Ya ce daga wani tsohon gida da ake kwashe tarkacensa a wajen Ebute Metta ya samo. Ban yi mamaki ba, don can ne hedikwatar Reluwe tun zamanin Turawa.

"Yaya, duba min ko akwai jan ƙarfe a ciki kafin in kai sikeli."

"Jan ƙarfen da ke cikin nan ko shayi da burodi ba zai saya maka ba," na ce masa. "Faɗi kuɗinka, ka bar min shi."

A cikin kwalin akwai kawunan jirgi biyu, da 'yan taragu, da guntayen dogo da tsatsa ta ci, da taransifoma wadda robar wayarta ta bushe tana marmashewa. Kai na biyun ya fi na farko gajarta, amma ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, don gangar jikinsa zubin ƙarfe ce. Shi Hornby Dublo ne, na kamfanin Meccano da ke Liverpool, wanda ya fara fitar da irinsa a 1938. Kamfanonin biyu sun yi ta gogayya a kasuwa har 1964, lokacin da masu Tri-ang suka saye Meccano. Arhar robar Tri-ang ta ci ƙarfin tsadar ƙarfen Hornby Dublo. Duka biyun a kan dogo mai faɗin milimita 16.5 suke tafiya, a ma'aunin da ake kira OO, wato an rage jirgin gaske sau 76. Mai son lissafi zai kama wata 'yar dabara a nan. Dogon gaske na Ingila milimita 1,435 ne, irin wanda aka shimfiɗa mana daga Legas zuwa Ibadan aka buɗe a 2021, in kuwa ka raba wannan da 16.5, wajen 87 za ka samu, ba 76 ba. Injinan lantarki na wancan zamani ne suka ƙi shiga ƙaramin jiki, sai aka ƙara wa jikin girma aka bar dogon yadda yake.

Abin da hannu ke ƙaiƙayin yi da farko shi ne a jona wuta a ga ko zai motsa. Ban yi ba, kuma duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa kada ya yi. Injin da ya yi shekara da shekaru a kwance, man da ke cikinsa ya riga ya daskare ya riƙe komai. In ka ba shi wuta amaca, wato ɓangaren injin da ke juyawa, ba za ta juya ba, amma wutar ba za ta fasa bin koyil ba, wato naɗin wayar da ke jikinta, wayar koyil ɗin kuwa siririya ce ƙwarai, kafin ka ankara ta gasu. Da zarar ka ji ƙaurin nan da kowane mai gyaran fanka ya sani, aikin ya tashi daga shafa mai ya koma sabon naɗi. Taransifomar ma gefe na tura ta. Wutarmu ta gida da ta Ingila kusan ƙarfinsu ɗaya, za ta iya kamawa, amma akwatin ƙarfe mai tsohuwar waya tsirara ba abin da zan ajiye inda yara ke wasa ba ne.

Haka nan ba a tura irin wannan kan jirgi da hannu. Ɗan ƙanwata, wanda ke zama da ni a shago in an tashi Islamiyya, ya ɗauka zai gangara da shi a kan benci, na riƙe masa hannu. Giyar da ke bakin injin mai murɗi ce irin na sukuru. Ita ke iya juya ƙafafu, ƙafafu ba sa iya juya ta. In aka matsa da ƙarfi, ko haƙoran giya su tafi, ko ƙafa ta zame a kan sandarta, daga nan tafiya ta karkace.

Na share benci, na ɗauko faranti mai baki na shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Sukurorin ƙanana ne ainun, zarensu kuma na tsohon ma'aunin Ingila ne, ba na milimita ba. In ɗaya ya faɗi ƙasan shago an yi sallama da shi, don ko ka zaga kasuwannin Alaba da Oshodi da wuya ka samu madadinsa. Kowane mataki sai na ɗauke shi hoto da waya kafin in kwance.

Da na ɗaga gangar jikin sai na gane wanda ya riƙe jirgin kafin ni mutum ne mai sakin hannu. Baƙin mai ya zuba masa, na mota, kuma bai yi rowa ba. Man ya haɗu da ƙura da gashi da zaren kafet, ya zama baƙin cingam, ya naɗe sandunan ƙafafu, ya cike haƙoran giya, ya gangara har cikin injin. Inda babu mai kuma, laimar Legas ta yi nata aikin: tagulla ta yi kore, kan sukurori ya yi ja.

Injin shi ne wanda Tri-ang ke kira X04. Buɗaɗɗe ne, komai nasa a fili. Maganaɗisu na baya, fallen ƙarfe biyu sama da ƙasa suna rungume da amaca mai koyil uku, sai kwamiteta, wato zoben jan ƙarfen nan mai tsaga uku, da burushin kabon biyu waɗanda wani ɗan sifirin waya ke matsawa a jikinta. A hannu ɗaya na sifirin akwai 'yar rigar roba mai hana wuta tsallakawa. Kada ƙanƙantarta ta sa a raina ta. In ta tsage, burushin biyu sun haɗu ke nan, wuta ta yi gajeriyar hanya, jirgi ba zai ko motsa ba.

Kafin in taɓa komai na naɗe shi a ƙyalle na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo da ke kafa teburinsa a bakin masallacinmu. Kasuwarsa ta ja baya tun da waya ta ƙwace aikin agogo, amma a harkar ƙananan giyoyi da mai ba ni da malamin da ya kai shi. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya daɗe yana jujjuya abin.

"Ɗana, wannan ba ƙishin mai yake ji ba. Wanka yake so."

"Baba, in kwance shi gaba ɗaya, har maganaɗisun?"

"Kul! Garin gyaran gira ake rasa ido. Inda bai ce maka yana ciwo ba, kada ka taɓa."

Baba da ilimin agogo ya yi magana, amma maganarsa ta dace da ilimin wuta. Maganaɗisun waɗannan tsofaffin injina haɗi ne na ƙarfe da alminiyam da nikel da kobal, kuma yana da wata ɗabi'a: muddin yana cikin da'irar ƙarfen da ke kewaye da shi, zai riƙe ƙarfinsa shekaru aru-aru, amma da zarar an zare shi, ko an zare amaca aka bar shi ba tare da an gitta masa wani ƙarfe ba, wani kaso na ƙarfin ya tafi nan take, mayar da shi wurinsa kuma ba ya dawo da abin da ya tafi. Injin da maganaɗisunsa ya yi sanyi wuta yake zuƙa da yawa, ya yi zafi, ya kasa jan kaya, a ƙarshe ya ƙone koyil. Na kanga bakin sukudireba a jikin nawa, ya cafke ta da kyau. Sai na cire injin ɗungurungum daga gindinsa, ban kwance shi ba. Akwai masu sa sabon maganaɗisu na zamani mai tsananin ƙarfi. Ni ban ga dalili ba in na asalin yana da rai, don ƙarfin da ya wuce kima shi ma jan amaca yake yi yana cin bushi, wato mazaunin da sandar amaca ke juyawa a ciki.

Sai batun abin wanki, kuma a nan ne ɗabi'ar sana'armu za ta iya cutar da mutum. Mu da muka saba wanke kabureta da fetur, hannunmu can yake fara zuwa. Fetur da tina da ruwan goge farce duk narkar da robar jikin jirgin suke yi, su bar ta da tabon da ba ya gyaruwa. Kananzir kuwa maiƙo yake bari. Abin da na yi amfani da shi shi ne farin sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi, isofurofil, wanda ake samu a kwalba a Computer Village da ke Ikeja. Yana narkar da tsohon mai, ya bushe da wuri, bai bar komai ba. Shi ma ban yarda ya kusanci fenti da lambobi ba. Gangar jikin daban na wanke ta, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu da tsohon burushin haƙori mai laushi, ina kauce wa rubutu, na shanya a inuwa. Rana lanƙwasa tsohuwar roba take yi.

Wankin ƙarfen ne ya ci lokaci. Da tsinken sakace na riƙa bin haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya ina tono dattin, da hantsaki kuma ina zaro gashin da ya naɗe sanduna. Ban cire ƙafa ko ɗaya daga sandarta ba. Ƙafafun gefe ɗaya an ɗora su ne suna gaba da na ɗaya gefen da rubu'in juyi daidai, in wannan saiti ya goce sandunan da ke haɗa ƙafafu sai su riƙa cijewa a kowane zagaye, dawo da shi kuma ba aikin ido kawai ba ne. Da inji a waje sai na gangara gindin a kan gilashi. Da farko yana tafiya yana tsayawa. Na ci gaba da ɗiga sifirit a mazaunin sanduna ina juyawa ina gogewa, har baƙin ruwa ya daina fita, gindin ya riƙa gangarawa da kansa in na ɗan karkata gilashin.

Kwamiteta ce wurin da na fi daɗewa. Mai in ya hau ta, kabon ɗin burushi yake jiƙawa ya yi laushi, ya riƙa narkewa yana cika tsagogin nan uku. Kabon kuwa yana ɗaukar wuta, saboda haka sassan da ya kamata su rabu sai su haɗe, inji ya riƙa tartsatsi da hayaƙi ba ƙarfi. Mai jirgi ya ga ya yi nauyi, ya ɗauka mai ne ya ƙare, ya ƙara zubawa. Yawancin tsofaffin injinan nan ta wannan hanya suke mutuwa, a hannun masu ƙaunarsu. Na zare burushin biyu na jiƙa su a sifirit, na goge jan ƙarfen da auduga har ya fito da launinsa, sannan na feƙe tsinke na bi kowace tsaga a hankali, daga ciki zuwa waje. Ban sa allura a nan ba, don ƙarfe zai karce gefen tsagar ya tayar da kaifi mai cin burushi, in hannu ya zame kuma ya tsinke wayar koyil. Soson ƙarfe ma ko kusa da bencin bai zo ba. Maganaɗisu zai tsince burbushinsa ya kai shi inda ba za ka iya cirowa ba. Bayan nan na ɗora mita a tsakanin sassan uku, biyu-biyu. Abin da ake nema shi ne awon uku su zo kusan ɗaya. Sun zo. A nan hankalina ya kwanta cewa koyil lafiya lau take.

Kabon ɗin burushin da sauransa, don haka na mayar da su. Da sun cinye, da sai an yi odar su daga Ingila ta intanet, inda har yanzu ake sayar da su. Wani abokin sana'a ya ce in yanko daga burushin injin huda bango. Na ƙi, don wancan kabon ya fi tauri, jan ƙarfen zai riƙa ci, kuma burushi ake canzawa da sauƙi, ba kwamiteta ba.

Saura hanyar wuta. A Tri-ang ƙafafun gefe ɗaya an raba su da sandarsu da ɗan zoben roba, wasu siraran wayoyi na gogar su suna ɗaukar wuta zuwa inji, ɗaya gefen kuma ta jikin gindin wutar ke komawa. Na goge wayoyin da inda suke taɓawa, na kankare baƙin dattin da ya manne a tafin ƙafafun da tsinke, na bi da sifirit. Akwai kuma ɗan kafasito da aka sa don kada tartsatsin inji ya dami rediyo da talabijin na maƙwabta. Shi ma na auna shi, don in ya tsufa yakan haɗe wuta.

Sai da komai ya bushe ƙarau sannan aka zo maganar mai, wadda ita ce kowa ke tambayata a kai, alhali ita ce mafi gajarta a aikin.

Man gyaɗa da manja da man kwakwa ba sa cikin lissafi. Suna shan iska su yi danƙo. Baƙin mai ya yi kauri ga ɗan inji irin wannan, sinadaran da ke cikinsa kuma ba don roba aka yi su ba. Man feshin gwangwani irin WD-40 aikinsa daban ne, korar laima da kwance abin da ya cije, ga shi in ka fesa ba ka da iko da inda zai je. Akwai man da aka yi musamman don jiragen wasa, irin na kamfanin Labelle na Amurka, wanda ba ya cin roba, wanda ya samu ya huta. Ni abin da ke kusa da ni shi ne farin man keken ɗinki, sabo a kwalbarsa, ba wanda ake ɗurawa a bakin titi ba. Siriri ne, ba ya danƙo da wuri, kuma muddin a kan ƙarfe ya tsaya yana yin aikin. Na giya kuwa, farin giris na samo wurin wani mai gyaran firinta, irin wanda suke shafa wa giyoyin roba.

Yadda ake ɗibar man shi ne sirrin, kuma Baba ne ya nuna min. Ba a kai bakin kwalba jikin inji. Ɗigo ɗaya ake zubawa a murfi, a tsoma bakin allura, abin da ya maƙale shi ne rabon wuri ɗaya, kamar yadda ake ɗibar kwalli a ja a ido. A gaba da bayan amaca akwai 'yan ƙullin ulu masu riƙe mai suna shayar da bushi sannu a hankali, irin dai na bushin fanka; kowanne na ba shi har ya jiƙa, ban bari ya yi tumbatsa ba, musamman wanda ke kusa da kwamiteta. Sai mazaunin kowace sandar ƙafa, hagu da dama. Sai fil ɗin da sandunan haɗi ke juyawa a kai, da inda sandar fistan ke zamiya. Sai ƙananan ƙafafun gaba da na baya, da na taragon kwal. Giris ɗan abin da bakin tsinke ya ɗauka na shafa wa giya mai murɗi, na juya amaca da yatsa har ya bi haƙora da kansa. Kwamiteta da burushi da tafin ƙafa da wayoyin ɗaukar wuta da kan dogo, ko ƙanshin mai ba su ji ba. Duk man da ya shiga jirgin nan in aka tara shi bai cika ɗigo uku na kwalba ba. Bayan kowane ɗigo na bi da gefen takarda na tsotse rarar. Ƙa'idar Baba ita ce, in ido yana ganin mai yana ƙyalli, ya yi yawa.

Gwaji na farko da batir mai bolt 9 na yi, irin na makirfon masallaci, inji shi kaɗai a hannu. Ya yi ɗan gurnani, ya tashi. Na juya batir ya koma baya. Na mayar da shi gindinsa, na duba giyoyin biyu sun ciji juna ba tare da sun matse ba, na kifa jirgin a cikin naɗaɗɗen tawul ƙafafu sama. A nan na aro na'urar ba da wuta ta masu gyaran waya, wadda ake murɗa ƙarfinta daga sifili kuma tana nuna yawan wutar da ake zuƙa. Wanda ba shi da ita, batirin babur ma ya isa, in ya jera ƙwan fitilar mota mai wat 21 a kan layin. In wani abu ya haɗe, ƙwan ne zai haska maimakon koyil ta ƙone. Na bar shi yana juyi a hankali gaba, sannan baya. Ina kallon allon na'urar, wutar da yake zuƙa tana sauka kaɗan-kaɗan yayin da mai ke ratsawa, sautin kuma yana daidaita. Lokaci-lokaci ina taɓa fallen injin da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi. Zafin da zai sa ka janye hannu shi ne alamar a tsaya. Da na kashe, na sake goge kwamiteta da ƙafafu, don juyi yakan watso ɗan abin da ya rage.

"Kawu, ina hayaƙin?" in ji ɗan ƙanwata.

Yaron jirgin da ya sani shi ne na Red Line da ya fara ratsa Agege a 2024. Na ce masa kakanninsa a jirgin ƙasa suka riƙa zuwa Ikko daga Kano su sauka a Iddo, a kan tsohon dogo mai faɗin milimita 1,067 da ya haɗa garuruwan biyu tun 1912, kuma a farkon lamari kawunan jirgin masu hayaƙi ne irin wannan. Na yi masa alkawarin kai shi Jaekel House da ke cikin harabar Reluwe a Ebute Metta, gidan da aka gina a 1898 aka mayar da shi ɗan gidan tarihi, ya ga hotuna da kayan aikin lokacin. Tri-ang sun yi wasu kawunan masu fitar da hayaƙi ta hanyar ɗumama wani mai na musamman. Namu ba ya ciki, kuma na gargaɗe shi kada ya kuskura ya ɗiga man keke a bututun.

Dogon ya ba ni wahala fiye da yadda darajarsa ta kai. Na ƙarfe ne mai siririn rufi a sama, in ka sa masa takardar yashi mai kaushi ka kankare rufin, tsatsa ta dawo da ƙarfinta kafin damina ta fita. Da bayan guntun silin katako mai kaushi-kaushi na goge saman, na bi da sifirit, na matse 'yan maƙalan da ke haɗa guntu da guntu da filaya, don a nan wuta ke yawan yankewa. Waɗanda tsatsa ta huda na mayar wa ƙanena, suka tafi sikeli. Abin da ya rage ya isa da'ira ɗaya a kan falle ɗaya na filawud. Sayen sabon dogo na zamani kuwa sai an yi hattara, don leɓen ƙafafun tsohon Tri-ang yana da zurfi, a kan siririn dogo yakan riƙa dukan gindin layi yana tsalle.

A kan da'irar nan ya ja taragunsa, da 'yar ƙarar nan ta injinan da, wadda ba ta rashin lafiya ba ce. Ƙarar rashin mai daban take: tsuwa ce siririya daga bushi, kuma ita kaɗai ce ke sa in sake ɗauko allura. In ba ita ba, sau ɗaya a shekara ya isa, shi ma bayan an goge na da.

A Legas ajiya ta fi gyara wuya. A Arewa ƙura ce abokiyar gaba. A nan laima ce da iskar teku mai gishiri, ga kyankyasai masu cin kwali. Na samo robar abinci mai murfi mai kamawa, na naɗe kowane kai a tsohon farin ƙyallen auduga, na zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi da na magani, ina shanya su a rana lokaci-lokaci. Uwargida ta kawo kafur za ta jefa a ciki saboda kyankyaso, na ce ta yi haƙuri, tururinsa yana cin irin wannan roba. Maganin sauro na feshi ma haka. Kuma ba na barin jirgin ya yi watanni a kwance. Ɗan zagaye kaɗan a wata yana hana mai taruwa wuri ɗaya, yana kuma goge ƙafafu da dogo.

Shi kuwa Hornby Dublo, da na kifa shi sai na ga cokulan ɗaukar wuta a tsakiyar cikinsa. Na dogo mai layi uku ne, tsarin da kamfanin ya yi ta bi kafin ya fito da mai layi biyu a 1959. Wuta ta layin tsakiya take shiga, ta fita ta ƙafafun duka gefen biyu, saboda haka in ka ɗora shi a kan dogon Tri-ang haɗe wutar zai yi. Na fara duba jikinsa da gilashin Baba ina neman tsaga ko kumburi, don zubin tutiya na da in an samu dalma ta gurɓata shi yakan riƙa kumbura yana farfashewa da kansa, laima na ƙara masa gudu, kuma ba shi da magani. Nawa lafiya yake. Amacarsa a tsaye take, a cikin mazauninta na sama kuma akwai ɗan ƙwallon boris da ido da ƙyar yake gani, shi ya sa ban kwance wurin ba, sifirit na ɗiga na bi da mai a bakin allura. Na yi masa wanka irin na ɗan'uwansa, na ba shi wuta da waya ɗaya a cokali ɗaya a gindi. Yana juyawa, amma yana zuƙar wuta fiye da kima, yana saurin ɗumi, sukudireba kuma da ƙyar take maƙalewa a maganaɗisunsa. Ga alama wani ya taɓa zare shi. Wannan ba ciwon da mai ke warkarwa ba ne, sai na'urar da ke sake cusa wa maganaɗisu ƙarfi yana zaune a wurinsa. Na bar saƙo wurin masu naɗin koyil da masu gyaran tsofaffin mitocin mota a Mushin da Ebute Metta ko akwai mai ita, ƙanena kuma na ce masa duk kwalin da ya gani da dogo mai layi uku a kan farantin gwangwani, ya biyo da shi shago kafin ya wuce sikeli.